Daga Kurmi Zuwa Wasai: Bin Sawun Ruwan Jakara

Sau biyu ko uku a shekara, galibi cikin watan Agusta, Jakara takan tuna cewa ita rafi ce. Hadari ya taso daga gabas da la'asar, iska ta ɗaga rumfunan 'yan tireda, sannan a tsuge da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Kafin a idar da magariba, ruwan da ya sauka a kan kwanon gidajen Dala da Goron Dutse da lungunan cikin birni ya haɗu wuri guda, ya yi jajir da ƙasar da ya kwaso, yana tafe da ledoji da robobi da warin takalmi. Wanda ya tsaya kan gada a Fagge a irin wannan yammaci zai ji ƙugin ruwa ta tafin ƙafarsa. Bayan kwana biyu ruwa ya janye, baƙi ya dawo, wari ya dawo, kowa ya koma kiranta da sunan da ya saba: kwata.

Ni ma da wannan suna na tashi. Ko sau ɗaya ba a taɓa gaya mana muna yara cewa abin da muke toshe hanci mu tsallake yana da mafari, yana da rassa, yana da inda ya nufa ba. Shi ya sa a ranin da ya wuce na ɗauki kwana uku ina bin ta, wani wuri a ƙafa, wani wuri a Adaidaita Sahu, tun daga bayan Kasuwar Kurmi har madatsar Wasai, in ga me ya rage na rafi a jikinta, da kuma waɗanda har yanzu suke rayuwa da ita, masu ƙafa biyu da masu fiffike da masu jan ciki.

Garin da ruwansa ya rabu biyu

Kano a ido shimfiɗaɗɗiya ce kamar faifai, amma ruwa ya san abin da ido bai sani ba. Akwai wani doron ƙasa da ya ratsa garin, ya raba ruwansa biyu. Wanda ya sauka ta kudu, wajen Sharaɗa da kewaye, yakan bi Salanta da Tatsawarki ya faɗa Kogin Challawa, wanda yake haɗuwa da Kogin Kano a wajen Tamburawa su zama Kogin Haɗeja. Wanda kuwa ya sauka ta arewa, wato mafi yawan tsohon birni da Fagge da Sabon Gari da Gwagwarwa da Bompai, rabon Jakara ne. Ita kuma arewa maso gabas ta sa gaba. Gida biyu a layi ɗaya, ruwan indararonsu na iya kama hanya biyu da ba za su sake gamuwa a kusa ba, ko da yake dukkansu ƙasar Tafkin Chadi suke gangarawa.

Ƙarƙashin Kano tsohon dutse ne mai tauri, wanda ba ya shan ruwa sosai. Saboda haka abin da ya sauka, yawancinsa gudu yake yi a sama. Ruwan shekara a nan yakan kai kamar milimita 800 zuwa 900, amma kusan dukkansa cikin wata huɗu yake zuba, daga Yuni zuwa Satumba. A ɗabi'arta ta asali, Jakara irin rafukan nan ce da suke cika su batse da damina, su koma 'yan tafkuna da damshin rairayi da rani. Yau kuwa ba ta ƙafewa ko a tsakiyar bazara. Ba idon ruwa ne ya ƙaru ba. Ruwan wanka ne da na wanki da na wanke-wanke da na mahauta da na masana'antu yake riƙe ta tana gudu wata goma sha biyu. Abin da kake gani yana malala a watan Maris, ruwa ne da ya riga ya ratsa ta hannun mutum.

Kurmin da ya zama kasuwa

Duk wanda ya ce Kasuwar Kurmi ya ambaci Jakara bai sani ba. Kurmin da ake nufi nata ne. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa tun zamanin Barbushe akwai duhuwar itatuwa da ta kewaye ruwan Jakara, ana kiranta Kurmin Baƙin Ruwa, kuma mutanen Dala suna tsoronta suna girmama ta. Sun ɗauka ganyenta ba ya motsi sai in masifa na tafe, a lokacin ne suke kai mata yankan baƙin bunsuru. Baƙin ruwan wancan zamani na inuwa ne da ruɓaɓɓen ganye. Na yau daban ne, sunan ne kawai ya zo daidai.

Ba tsafi kaɗai ya ja mutane wurin ba. A ƙasar da ake wata bakwai ko takwas ba ɗigon ruwa, fadama mai riƙe damshi dukiya ce. Dutsen Dala ya ba da tama da mafaka, Jakara ta ba da abin sha da wurin shuka. Da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499, ya kafa kasuwa, a bakin wannan ruwa ya kafa ta.

Baƙin Turawa biyu sun bar mana bayanin yadda suka same ta. Hugh Clapperton ya shigo Kano a 1824, ya ga fadama mai faɗi da ta kusa raba birni gida biyu, kasuwa tana ci a kan ɗan tudun da ke tsakaninta, agwagin daji da manyan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu suna kiwo a ciki, ga ungulaye suna share ƙazantar gari. Heinrich Barth, wanda ya yi tafiyarsa da sunan Abdulkarim, ya zo a 1851, ya kuma sa Jakara a taswirar birnin da ya zana. Dukkansu biyu sun yi kukan rashin lafiyar wurin, don haka kada mu yaudari kanmu cewa dā aljanna ce. Amma agwagwar daji ba ta sauka inda ba abin da za ta ci. Shekara ɗari biyu da suka wuce, a tsakiyar birnin Kano, akwai ruwan da yake ciyar da ita.

Yau a nan wurin siminti ne. A zango na biyu na mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso aka fara aikin rufe Jakara da shimfiɗa titi a kanta zuwa Kwarin Gogau, titin da jama'a suka fi sani da Wuju-Wuju, aikin da ya yi shekaru bai kammalu ba. Mazauna bakin ruwan suna da hujjar maraba da shi: wari zai ragu, yaro ba zai faɗa ba, mota za ta shiga lungun da dā ko amalanke ba ya shiga. Sai dai rafin da aka rufe ba ya ganin rana, ba ciyawa, ba kwaɗo, ba tsuntsu. Kuma ruwan da siminti ya hana shi tsayawa, da gudu yake isa ga na ƙasa. Ga kududdufan birni, waɗanda aka haƙa don ƙasar gini suka zama matattarar ruwan sama, ana ta cike su ana ɗora shaguna. Kowane kududdufi da aka cike, kasonsa na ruwa Jakara aka ɗora wa.

'Ya'yanta

Kogi ba ya ƙin yayyafi, in ji masu magana, Jakara ma ba ta ƙin kowa. Tana fita daga ganuwa ta ɓangaren Fagge sai rassa su fara zubo mata. Gogau na nan, wanda kwarinsa ya ba unguwa suna. Akwai Gwagwarwa, akwai Rafin Malam, akwai wasu ƙanana da gine-gine suka matse har suka koma lambatu marar suna. Kowane reshe da irin kayan da yake kawowa, kamar 'yan biki. Na wajen mahauta yakan zo da jini da tumbi. Na layin makanikai yakan zo da baƙin mai yana walƙiya a sama. Na unguwannin zama yakan zo da kumfar omo da leda.

Babba a cikinsu ita ce Getsi, wadda take kwaso ruwan Bompai, tsohuwar unguwar masana'antun Kano. Suna gamuwa da Jakara ne bayan an wuce gadar titin filin jirgi, a wurin da ake kira Magami, sunan da ya faɗi aikinsa. Na tsaya nan da hantsi ina kallon ruwa biyu suna tafiya kafaɗa da kafaɗa kafin su gauraya, ɗaya baƙi wuluk, ɗaya da wani launi da ban san sunan da zan ba shi ba.

Ruwa ba ya tsami banza. Kano garin fata ne tun fil azal, amma majeman gargajiya da bagaruwa da toka suke aiki, abubuwan da ƙasa ta san yadda za ta haɗiye. Jima ta zamani da sinadarin kuromiyam ake yi, ga rinin masaƙu, ga ruwan batir. Masu bincike na Jami'ar Bayero da na wasu jami'o'i sun sha auna ruwan Getsi da Jakara, da ƙasar lambunan bakinsu, da ganyen da ake nomawa, da kifin Wasai, suna kuma samun kuromiyam da dalma da kadmiyam. Illar waɗannan ita ce ba sa ruɓewa. Jini da tumbi, in aka ba su lokaci da rana da iska, za su narke su zama taki. Dalma kuwa inda ta kwanta nan take, shekara da shekaru. Masana'antu da yawa a Bompai sun rufe, amma taɓon da ke ƙasan rafin bai san sun rufe ba.

Kore a bakin baƙi

Abin da ya fi ba ni mamaki a tafiyar nan shi ne kyan wurin. Daga Kwakwaci zuwa gaba, a tsakiyar rani, lokacin da ko'ina ya yi fari fat da ƙura, bakin Jakara kore ne shar. Fangali-fangali na latas da kabeji da karas da alayyafo da albasa da lansir, a jere kamar an ja su da zare. Dā da jigo ake ɗebo ruwan, guga ɗaya bayan ɗaya. Yanzu ƙaramin inji ne yake tatata a bakin gaɓa, tiyo ya miƙe cikin gona.

Na sami wani dattijo tsugune yana cirar ciyawa a tsakanin latas, wandonsa a naɗe zuwa gwiwa, ƙafafunsa sun yi kaushi sun tsattsage. Na ce, "Sannu da aiki, Baba." Ya amsa bai ɗago ba, sai da ya kai ƙarshen fangali. Da muka zauna a inuwar zogale, ban ji ya kare ruwan ba, ban kuma ji ya zage shi ba. Lissafinsa mai sauƙi ne. Ruwan kyauta ne, ba ya yankewa, kuma da takinsa yake zuwa, don haka buhun takin zamani da wani zai saya shi ba ya saya. Latas kuwa wata ɗaya da 'yan kwanaki ya isa cira. Ya san ranakun da ruwan yakan sauya launi ya ƙona ganye, a irin ranakun sai ya kashe inji ya jira ya wuce. Da wannan lambu ya aurar da 'ya'ya. Wanda zai ce masa ya bari, sai ya zo masa da wani ruwan a hannu.

Da asuba ake cira, a ɗauraye a ɗaure, a loda a kwanduna zuwa 'Yankaba da sauran kasuwanni. Wankewa da ruwa mai tsabta a gida yana rage ƙwayoyin cuta da ƙwan tsutsar ciki, kuma wajibi ne. Amma abin da saiwa ta riga ta zuƙa ya shiga jikin ganye, wanki ba ya fitar da shi.

Masu taurin rai

Ruwa mai ƙazanta da yawa iskarsa takan ƙare, domin ƙwayoyin da suke ruɓar da ƙazantar su suke shanye ta. Shi ya sa a cikin gari ba ka ganin kifi. Abin da za ka gani in ka tona taɓon da kara shi ne 'yan jajayen tsutsotsi masu jure ƙarancin iska, da 'ya'yan sauro birjik. Sauron kwata shi ne mai hana barci da kuka a kunne. Mai kawo zazzaɓin cizon sauro ya fi son ruwan sama mai ɗan haske da ya kwanta a rami ko sawun taya.

Sai an yi nisa da gari, ruwa ya sha rana ya ratsa ciyayi, sannan rai yake fara dawowa. Na farkon dawowa tarwaɗa ce. Allah ya yi mata wata gaɓa a cikin kai da take shaƙar iskar sama da ita, don haka inda wani kifi zai shaƙe ya mutu, ita sai ta leƙo ta haɗiyi iska ta koma. Takan iya jan jiki a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa daga wannan tafki zuwa wancan. Gaiwa ta fi ta dabara. Huhu gare ta. In fadama ta fara bushewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta da yauƙi ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar 'yar ƙofar numfashi, ta kwanta har ruwa ya dawo. Hausawa suna cewa gaiwa jikinta take ci, kuma masana sun tabbatar da haka: tsokarta take narkarwa ta rayu.

A wani gaɓa da ya zabge na ga guza yana shan hantsi, tsawonsa ya kai hannu biyu. Yana jin motsina ya sulale cikin ruwa, wutsiya tana kaɗawa. Shi ba ya zaɓen abinci: kwaɗo, ɓera, ƙwan tsuntsu, mushe, duk nasa ne, shi ya sa zaman kusa da mutane bai kore shi ba. Gafiya ma tana da ramukanta a gaɓar, masu lambu suna kuka da ita. Da damina kuwa, in dare ya yi, kwaɗi da burduddugi su suke karɓe wurin da kuka.

A sama akwai balbela, fara sol a kan baƙin taɓo, tana bin mai ban-ruwa tana tsintar ƙwarin da ruwa ya taso. Akwai hankaka da shirwa a kan juji. Shamuwa takan iso gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa ta ƙyanƙyashe, in kaka ta yi ta kama hanyar kudancin Afirka. Wadda na nema ban gani ba ita ce ungulu. Wanda ya girma a Kano kafin shekarun nan ya san yadda suke jeruwa a kan katangar mahauta kamar masu zaman makoki. Kwana uku ina bin ruwan da ke ɗauke da abincinsu, ko ɗaya ban gani ba. Tun 2015 aka sa irin ungulun garuruwanmu a jerin tsuntsayen da suke gab da ƙarewa a duniya, kuma cikin manyan dalilai akwai guba da farautarsu don sayar wa masu magani. Ma'aikaciyar sharar da Clapperton ya yaba wa ta bar aiki, ba a kuma sami madadinta ba.

Wasai

Tafiyar da ba ta kai sa'a guda a mota ba daga birni, a ƙasar Minjibir, ruwan yakan buɗe ya zama tafki. An gama madatsar a 1976, cikin jerin madatsun da Jihar Kano ta tsara tun zamanin Gwamna Audu Baƙo, irin su Tiga, don noman rani da kiwo da kamun kifi. Wanda ya ga Jakara a Fagge ba zai yarda ita ce nan ba. Ruwa ya kwanta ya yi faɗi, iska tana kaɗa shi, kainuwa dashen Allah tana yawo a gefe, kachalla ta yi duhu a bakin gaɓa.

Nan ne tsuntsayen da birni ya kora suka koma. Zalɓe yana tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai jiran bashi. Taka-a-bado tana tafiya a kan ganye da dogayen yatsunta ba ta nutsewa. Zakaran ƙeƙuwa yana tsaga ihu da zarar ka matso kusa da inda ya yi ƙwai. Da yamma kirinjijiya sukan taso garke guda suna fito. In hunturu ya shiga, sai baƙi su ƙaru: ƙananan tsuntsayen bakin ruwa da suka ƙetaro Bahar Rum da Sahara daga Turai, su yi watanni suna caccakar taɓo, su koma in zafi ya taso.

Masunta suna nan da kwalekwale da koma da birgi, suna fito da karfasa da tarwaɗa. Makiyaya suna shayar da shanu. Yara suna wanka, kuma nan wata matsalar take. Ruwa mai kwanciya gidan wata 'yar katantanwa ne da take rainon tsutsar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwan ya ƙyanƙyashe ya shiga katantanwa, ya fito ya huda fatar mai wanka. An sha samun cutar a jikin 'yan makarantar ƙauyukan da ke kewaye da madatsar. Har yanzu akwai masu ɗaukar fitsarin jini alamar yaro ya zama namiji, alhali cuta ce mai magani, in an bar ta kuma takan lalata mafitsara.

Bayan madatsa, ragowar ruwan yakan ci gaba zuwa wajen Jigawa, inda dutsen ƙarƙashin ƙasa yake nutsewa, rairayi mai zurfi ya maye gurbinsa. A can rafin yakan rasa gaɓarsa, ƙasa ta shanye shi a hankali. Jakara ba ta da teku da za ta kai wa kayanta. Abin da aka ɗora mata, a ƙasarmu take sauke shi.

Dokar hana zuba ruwan masana'anta ba tare da tacewa ba tana nan, hukumar tarayya mai kula da wannan, NESREA, tun 2007 aka kafa ta. Abin da rafin yake buƙata ba ɓoyayye ba ne: a tace ruwan Getsi tun daga bakin bututu, a raba jinin mahauta da magudana, a bar sauran kududdufai su yi aikinsu, a bar wa gaɓa 'yar tazara ta ciyawa da itace inda ba a riga an gine ba. Amma ina ganin kafin duk wannan akwai maganar suna. Ba mai jin kunyar juye shara a kwata, don ita aka yi ta. Rafi kuwa ko yaro ya san ana sha, ana alwala.

Da zan baro Wasai, rana ta yi ja, na tsaya inda mata suke suyar kifi a bakin hanya. Wata mota ƙirar akori-kura tana lodi: kwandunan tarwaɗa an rufe da buhu mai jiƙe, ɗaurin alayyafo a sama. Na tambayi yaron motar ina suka nufa. Ya dube ni kamar na yi tambayar banza, ya nuna hanyar da na fito da haɓarsa. Kano za su, kuma so suke su isa kafin a tashi daga kasuwa.